Shinkafar Abuja

A majalisarmu ta bakin kanal ɗin ban-ruwa a Bunkure, ni ne alƙalin birane. Sau biyu na je Legas a motar tumatir, don haka in na ce Legas akwai daɗi, Ibadan kuwa sai kwano mai tsatsa, babu mai musu. Abuja ma na yanke mata hukunci tun ban gan ta ba: garin ofisoshi ne, babu abin kallo.

Kwatsam ƙanena Sani, da ke aikin tuƙi a can, ya gayyace ni. A harabar wani otal na ga abin da ya kashe mini baki. Fili ne kore shar, kansa ɗaya kamar an yi masa aski, ruwa na tsartuwa daga ƙasa yana juyawa da kansa, ba kanal, ba inji. Shekara talatin ina noman rani, ban taɓa ganin shinkafar dashe mai kyan wannan ba.

Na durƙusa na shafa. Na tambayi mai kula da wurin, "Malam, yaushe za ku yi dashe?"

Ya dube ni, ya dubi Sani. A hankali Sani ya ce, "Yaya, ciyawa ce. Ado ake yi da ita."

Abin da na ƙarar da ƙuruciyata ina cirewa, shi ake shayarwa safe da yamma.

Sani ba ya riƙe magana. Har yau da na zauna a majalisa sai wani ya ce, "Alhaji, shinkafar Abujan nan ta isa yanka kuwa?"