Kofin Sadisu

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don surukaina suna karatu.

Na cika wa ƙanin matata Sadisu baki cewa zan canza manhajar na'urar wasansa ta hannu, ta ɗauki sababbin wasanni. Aiki ya kai rabi, sai na tuna kofin ƙwallon da yake gab da ci a wasan yana cikin katin memori. Don kada amana ta goge, na yi bismilla na zare katin. Allon ya mutu, har yau.

Sadisu ya ce, "Yaya, kofi yana nan, filin ka rushe."

Yanzu ko rediyo na ɗauka a gidansu, sai a ce, "Injiniya, ajiye."

Don Allah, wa ya san mai gyara a Abakpa wanda bai san surukaina ba?