Kurciyar Gamji da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gaida surukina daga kan reshe ba. Lokacin Turawa ba su daɗe da raba ƙasa ba, mu a Jibiya muka faɗa hannun Ingilishi, garin su matata Dije ya koma na Faransi. Amarya ce, ga ciki, ga kewar gida. Kullum zancenta kurciyar gamji, wata koriya mai rawayan ciki da ke sauka a bishiyar ƙofar gidansu. Ni kuwa kurciyoyin da na sani duk kalar toka ne (har na ɗauka cikin ne ke sa ta sambatu).

Wata safiya ina dawowa daga Gangara, a wani gamji dab da iyaka, na ji fito siriri. Na ɗaga kai, ganye kawai. Can sai ganye ɗaya ya motsa, ya juyo da ido. Wallahi ita ce! Na ce sai na gano sheƙarta, in kawo Dije ta gani. Na tuɓe riga da rawani, na haye, daga ni sai bante.

Ina can ina kwaikwayon kukanta, ayari ya sauka a inuwar. Na leƙa. Mahaifin Dije ne, ya zo duba ɗiyarsa! Mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Na ƙanƙame reshe, tururuwa na cizona, na daure. Reshen ne bai daure ba. Na faɗo tim a gabansa, na yi maza na mai da faɗuwar durƙuso.

"Baba, an zo lafiya?"

Ya dube ni, ya dubi sama. "Mu dai ta ƙasa munka zo. Kai mi ya kai ka can?"

Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Sai ya ɗauko rigata, ya kakkaɓe ta da hannunsa, ya miƙo mini.

"Tun tana goye take miƙa ma tsuntsun nan hannu. Gobe mu kawo ta."

Muka kawo ta. Ta gani, ta yi kuka, ta yi dariya (rabin dariyar tawa ce, na sani).

Tun daga ranar, kafin in ɗaga kai sama, sai na duba wa ke tafe a hanya.