Kar-a-taɓa da Gidan Mai Gyaran Rediyo

Shugaban Kwamitin Kare Kayan Tarihi na unguwarmu mutum ne mai ƙaunar tsufa, muddin a jikin wani yake. Bai taɓa ɓoye wannan hali ba, kuma a yaba masa. Furfurar kan maƙwabci yana kiranta daraja. Tasa kuwa duk ƙarshen mako sai ta sha baƙin rini har ya gangaro masa bayan kunne. In ya ga tsohuwar kujera a gidan wani, sai ya tsaya yana shafa ta yana girgiza kai, wai yanzu ba a irin wannan aiki. Ta gidansa kuwa, da ta fara ƙara, sai bola.

Haka ya yi wa gidan mahaifinsa. Ba a gama karɓar gaisuwar mutuwa ba motar rusau ta iso. A wurin ya dasa bene mai gilashi, sama ɗakuna, ƙasa shagunan haya. Ya shafe gaban da siminti har ya haɗiye kwatar layin, don masu sayayya su ji daɗin ajiye mota. In aka tuna masa, sai ya ce wancan ba tarihi ba ne, lalacewa ce. Bambancin tarihi da lalacewa kuwa shi kaɗai aka ba ilminsa. Mu dai abin da muka gane shi ne, in naka ne lalacewa, in na talaka ne tarihi.

Bawan Allah ya yi ritaya daga wani ofishi inda babban aikinsa shi ne ya ce wa mutane su dawo gobe. Yana zaune zaman banza ya fara cinsa, sai 'yarsa da ke aure a ƙasar waje ta kai shi a duba masa ido. A can ya ga mutane sun yi layi suna biyan kuɗi don su kalli rusasshen bango. Idon bai gyaru sosai ba, amma ya dawo da hula mai faɗin baki, da sanda alhali ƙafarsa lafiya lau, da wata sabuwar magana, wai "gadon al'umma". Bai huta gajiyar hanya ba ya kafa kwamiti. Shi ne shugaba, ƙanin matarsa magatakarda, direbansa kuma shi ne sauran jama'a.

Saura abin da za a kare. Ya zagaya unguwa, ya tarar kowa ya riga ya yi abin da shi ya yi, duk wanda ya samu hali ya rushe ya sake. Gida ɗaya ya rage a gangaren layi, na wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda bai rushe nasa ba don ba shi da abin rushewa. Tsohon tubali, ƙofar katako mai kuka, rufin kwano da tsatsa ta mayar ja. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ya yi ta sintiri a ofishin tsara birni har suka gaji da ganin hularsa, suka sa gidan cikin gine-ginen da ba a taɓawa sai da iznin kwamitin unguwa, wato sai da izninsa. Aka kafa allo a bakin ƙofa. Sunan kwamiti da na shugaba sun ci kashi uku cikin huɗu na allon, mai gida bai samu ko harafi ba.

Ran kafa allo ya hau kan benci ya yi jawabi.

"Jama'a, wannan gida madubi ne! A nan fatake suke sauka tun kafin a san mota. Waɗannan bangaye sun ga abin da idanunku ba za su taɓa gani ba. Daga yau, ƙusa ɗaya kar a taɓa. Tsatsa kar a taɓa. Ko yanar gizo-gizo, a tuntuɓe ni kafin a share."

Mai gyaran rediyo ya ɗaga hannu a hankali ya ce babansa ne ya gina gidan, kuma bai taɓa ganin falke a ciki ba, sai dai masu kawo rediyo.

"Baba," in ji Shugaba, alhali tare suka yi firamare kuma Shugaban ne ma ya girme shi, "kai zama kawai kake yi a cikin tarihi. Ni na yi nazarinsa."

Daga ranar matan layi suka sa masa Kar-a-taɓa. Da sunan ya kai kunnensa, sai ya ɗauka lambar yabo ce, har yana amsawa.

Shekarun gidan kuma suka shiga ƙaruwa kamar farashin kaya. In ya kawo baƙo da safe, gidan ya shekara ɗari. In baƙon yamma ya zo da mota mai kyau, ya zama ɗari uku. Yana shigo da su ba sallama har tsakar gida, yana nuna musu da sanda: ga ƙofa, ga taga, ga tsoho. Mutanen gidan suna cin abinci, baƙi suna ɗaukar su hoto.

A gidan nan mutum huɗu ne: dattijon, da matarsa da duk layi ke kira Inna, da surukarsu da jaririnta, don ɗan nasu yana aiki a wani gari mai nisa. Bangon ɗakin da surukar ke kwana ya tsage tun daga sama har ƙasa, tsagar da mutum zai zura hannu ya gaisa da na waje. Ɗan ya tattara abin da ya samu ya aiko da siminti da sabon kwano, a gyara kafin damina. Magini ya zo ya jingina tsani. Bai kai mataki na uku ba sai ga Kar-a-taɓa da wani ma'aikacin ofishin tsara birni, yana haki kamar an taɓa masa mata.

"Sauko! Ka san abin da kake shirin yi? Sabon siminti a jikin wannan bango kamar a sa wa kaka jan baki ne!"

Magini ya sauko, ya ɗauki tsaninsa, don ba shi da kuɗin tara.

Inna ta fito da ludayi a hannu. Ba ta iya jawabi ba, amma ta iya magana.

"Ranka ya daɗe, zo ka ga inda jikana ke kwana."

Ya shiga, ya duba tsagar daga sama zuwa ƙasa, ya cire gilashi ya goge ya mayar. Fuskarsa ta cika da annuri.

"Inna, kin san a ƙasar waje nawa ake biya a ga irin wannan? Wannan sa hannun zamani ne."

"To zamanin ya zo ya sa hannu a benenka mana. Ko mu yi musanya? Ka dawo nan ka sha tarihi har ka ƙoshi, mu mu je mu yi haƙuri da lalacewa."

Ya yi dariya irin ta manya, ya ce Inna akwai barkwanci, irinta ma ya kamata a adana. A kan hanyar fita ya hango bokitan roba da ta jera a ƙarƙashin wuraren yoyo. Nan ransa ya ɓaci da gaske. Ya ce roba ba ta dace da martabar gidan ba, a nemi tukwanen ƙasa a riƙa tarar ruwan da su. Ya kuma roƙa a lulluɓe sabon kwanon da buhu, yana ƙyalli yana ɓata hoto. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A unguwarmu sai mai bene ya fi shi sani.

Simintin ya zauna a bayan ƙofa yana jiran izni har ya daskare ya zama dutse. In aka ba shi shekara biyu, shi ma za a kafa masa allo.

Damina ta kama. Ruwan da a da yake bin kwata ya wuce, yanzu in ya iso gaban shagunan Kar-a-taɓa sai ya tarar da hanya a rufe, ya juya kamar baƙon da aka kora, ya gangara ya kwanta a gindin gidan mai rediyo. Mutanen layi suka kira taro a harabar makarantar firamare. Ba wanda ya zo don tarihi. Wata ta kawo maganar bola da ta kusa rufe hanya, wani ya ce fitilar titi ta mutu tun bara, mai shayi ya ce a fasa simintin da ya toshe kwata. Kowa ya san simintin na wane ne, don haka kowa ya kalli ƙasa.

Kar-a-taɓa bai kalli ƙasa ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya miƙe, ya dogara sanda.

"Abin da ke damun al'ummarmu ke nan, ƙaramin tunani. Kwata! Bola! Wace al'umma ce duniya ta taɓa tunawa da ita saboda kwata? Ruwa ya zo ya wuce, amma gado in ya tafi ya tafi ke nan. Ni ina tunanin jikokin jikokinku, ku kuna tunanin takalmanku."

Inna ta ce daga baya, "Jikan da ke hannu fa?"

Magatakarda ya ce ba a ba ta izinin magana ba. Direba ya tafa. Aka tashi taro bayan Shugaba ya yi albishir cewa manyan baƙi daga ofishin tsara birni za su zo da 'yan jarida su ga gidan, kuma akwai yiwuwar a ba kwamiti lambar girma. Ya umarci kowa ya share ƙofar gidansa. Bolar dai ya ce a rufe ta da tabarma.

Ranar da baƙi za su zo, gari ya waye da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi Inna ta ga ƙasa tana zubowa daga tsagar bangon, ta ji katakon rufi yana wani kuka da ba ta saba ji ba. Ba ta nemi iznin kwamiti ba. Ta goya jariri da kanta, ta tura surukarta gaba, ta leƙa gidajen maƙwabta ta ce a zo. Mata suka fito cikin ruwa, wannan ta ɗauki katifa, waccan tukunya, wata akwati a ka. Dattijon ya tsaya yana son kwashe rediyoyin mutane da ke shagonsa a ɗakin gaba. Ya fito da guda uku, zai koma, Inna ta riƙe masa riga.

"In ka koma, ka kwana can."

Kar-a-taɓa yana kallo daga barandar benensa, direba riƙe masa da laima. Ya ɗaga murya ya ce wane irin rashin kishi ne wannan, baƙi na hanya ana kwashe kayan gida? Me za su gani, bango tsirara? Ya ce aƙalla a bar tsohon a ciki.

Mata suka ci gaba da kwashe kaya. Ba a jima ba bangon ya amsa. Ya ɗan sunkuya kamar mai gaisuwa, ya zauna, rufin ya bi shi. Ƙura ta tashi cikin ruwa ta kwanta. Ɗakin surukar ya tafi, shagon ya tafi da rediyoyin mutane da kayan aikin da dattijon ya yi rayuwarsa da su. Abu ɗaya ya rage a tsaye, allon kwamiti, don shi da sabon siminti aka kafa shi.

Ruwa ya tsagaita. Aka raba mutanen gidan kamar kayan gado: surukar da jariri gidan telan layi, Inna gidan ƙawarta, dattijon kuwa ya ƙi zuwa ko'ina. Ya samu wani tudun tubali ya zauna, rediyo uku a gabansa, ya yi tagumi. Maza suka fito da shebur da baro, magini ya dawo ba a kira shi ba. Aka ce a kwashe ɓaraguzai tun yau, a tono abin da zai tonu, a ɗora sabon kwanon nan ko ɗaki ɗaya ne, mutane su samu inda za su sa haƙarƙari.

Sai ga Kar-a-taɓa ya sauko, yana ɗage wando kada laka ta taɓa. Ya tsaya gaban kufan, ya cire hula. Wasu masu saurin yafiya har sun fara cewa ai mutum ne, zuciya gare shi. Ya dubi tubalan, ya dubi katakon da ya karye, ya dubi tsohon. Ya ja da baya taku biyu, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya kamar mai awon yadi.

Baro na farko ya cika, ana shirin turawa, sai ya shiga gaba ya ware hannuwa.

"'Yan'uwa, don girman Allah ku dakata! Kada kowa ya ɗauki ko tubali ɗaya. Wanda kuka loda ma ku mayar inda kuka same shi. Ba ku san abin da muka samu ba. Irin wannan sak na gani a ƙasar waje, kuma shi ya fi tsada. Baƙi sun kusa, ku ɗan ja gefe da shebur ɗin nan." Ya juya wajen dattijon, ya sassauta murya. "Kai kuma Baba, alfarma ɗaya nake nema. In sun iso, ka zauna daidai inda kake, ka sake yin tagumin nan na ɗazu."