Yadda Na Girgiza Surukina a Hanyar Gangara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki surukina a mota zuwa Gangara ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin ba su da niyyar taimaka mini.

A farkon shekarun tamanin ne, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tanut. Kowa Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran duk malamin boko a wajenmu (kalmar girmamawa ce da muka aro daga Faransanci, ba mushen da kuka sani ba, ko da yake a ranar da nake ba ku labari bambancin bai yi yawa ba). Na sayi wata tsohuwar mota a hannun wani likitan dabbobi da ya yi ritaya zai koma Damagaram. Kat-san-kat ce, wato 404 a bakin Faransa, fara, giyarta a jikin sitiyari, kuma ta girmi aurena da shekaru masu yawa. Duk safiya sai na goge ta kafin in wanke fuskata.

Injinta lafiya lau. Ciwonta guda ɗaya ne, amortisa sun mutu. Waɗannan su ne ƙarafan nan masu kama da famfon keke, masu mai a ciki, da ake ɗaurawa kusa da kowace taya don su shanye tsallen mota. Nawa sun daina shanye komai. In na faɗa rami ɗaya, sai motar ta yi ta lilo kamar raƙumi mai sassarfa, har matata Zainabu ta ce ita jiri take ji in ta shiga.

Ana cikin haka sai aka sa ranar auren ɗan ƙanen surukina a Gangara, kuma surukin nawa shi ne waliyyin ango. Dattijo ne manomin hatsi, mai ƙarancin magana, ga shi yana fama da ciwon ƙugu tun damina. Da na ji wai motar kasuwa zai hau, sai na tafi gidansa, na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ce bai kamata ba ina da mota a ƙofar gida. Na yi masa alkawarin zan gyara ta, zai je Gangara kamar yana kwance a kan katifarsa. Ya ce Allah ya yi albarka. Ban tsaya nan ba, na aika wa mutanen Gangara cewa Baba da mota zai zo, a share mana wurin ajiye ta.

Washegari na kai ta wurin Malam Habu, makanisiyen da ke gyara a gindin itacen bedi kusa da tasha. Ya shiga rumfarsa ya fito da amortisa iri biyu ya ajiye a kan tabarma. Waɗansu sirara ne, irin waɗanda motar ta zo da su tun asali. Waɗansu kuwa kauri gare su kamar damtsen ɗan dambe, ya ce na bashe ne, wato motocin nan masu buɗaɗɗen baya da ke jigilar buhuna. Shawararsa ita ce in ɗauki siraran.

Na ɗauki siriri na danna da hannu, ya shige a hankali ya dawo a hankali. Na ɗauki mai kaurin na danna, ko motsi bai yi ba. Nan take zuciyata ta tafi gare shi. A tunanina, hanyar ƙasarmu ta Damargu ba ta abu mai laushi ba ce, kuma abin da ya fi ƙarfi ai shi ya fi kyau. Da ma na karanta shafi biyu na wani ɗan littafin Faransanci da na tarar a aljihun motar (shafin ma na batir ne da fitilu, amma dai na karanta).

Malam Habu ya ce, "Mushe, waɗannan sai an ɗora musu buhu goma suke sanin an ɗora musu kaya. Kai da za ka ɗauki mutum biyu, duk tsakuwar da taya ta taka sai kun ji ta a haƙoranku."

Maimakon in saurara, sai na gyara tsayuwa kamar ina gaban allo. Na yi masa bayanin nauyi da ƙarfi, ina cusa kalmomin Faransanci inda Hausa ma za ta wadatar. Ya bar ni na gama, ya ce to, mota tawa ce. Sai da ya yi wuni yana dabara kafin su zauna, don ba wurinsu ba ne. Da ya gama na danna gefen motar da dukkan ƙarfina, ta tsaya ƙyam kamar garu. Na dube shi ina murmushin nasara. Shi kuwa goge hannunsa kawai ya yi. Daga tasha zuwa gidana rairayi ne mai laushi, don haka gwajin da na yi bai nuna mini komai ba.

Ranar ɗaurin aure muka tashi da hantsi. Baba ya sa farar babbar riga, ya naɗa rawani, ya zauna a gaba kusa da ni. Zainabu tana baya da wata babbar ƙwarya cike da fura da nono da za ta kai wa gwaggonta. Ta ce a ɗaure ƙwaryar da zane a sa a but, na ce ta rufe da faifai kawai ta riƙe a cinya, ko ɗigo ba zai zuba ba. Da bakina na faɗa, a gaban mahaifinta.

Muna barin gari muka hau jar hanyar nan da ta yi tudu-tudu kamar kwanon rufi. Sai motar ta fara kyarma. Ba lilon da na saba da shi ba ne, wannan kamar ana tankaɗe mu ne a matankaɗi. Madubin ciki ya karkace, mabuɗi yana ta kaɗawa, haƙorana suna haɗuwa. Na saci kallon Baba, na ga ya riƙe murfin ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙugunsa, leɓunansa suna motsi. Na buɗe baki in ce sababbi ne, za su saki jiki nan gaba, sai muryata ta fito a yanyanke kamar ta mai zazzaɓi.

A nan ne na tuna direbobin tasha suna cewa irin wannan hanya gudu take so, in ka taka sai ta lafa. Na taka. Gaskiya ta ɗan lafa, har na fara jin mutuncina yana dawowa. Ban ga wata 'yar ƙorama da ruwan damina ya yanka a tsakiyar hanya ba sai da muka zo kanta.

Motar ta daki bakin ramin, amortisan nan nawa masu ƙarfi suka miƙo mana dukan gaba ɗaya, ba su rage komai ba. Kan Baba ya bugi rufi, rawaninsa ya nutse har kan hancinsa. Faifai ya yi sama, fura ta taso daga baya ta sauka a kafaɗarsa, ta gangara cikin wuyan riga, saura ta fantsama a gilashi. Na taka birki. Nono yana ta ɗiga daga rufin mota.

Baba ya ɗaga rawanin daga idonsa a hankali, ya yi salati, ya ce in buɗe masa ƙofa. Da ƙyar ya miƙe, ya tsaya a bakin hanya a sunkuye yana dafe da ƙugu. Zainabu tana goge masa riga da mayafinta, ko kallona ba ta yi ba. Ni kuwa na durƙusa a rairayi ina ta ba da haƙuri, ban ma san abin da nake faɗa ba.

Can sai ga amalanken shanu ɗauke da karan hatsi, ya nufi Gangara. Mai shi wani magidanci ne da ya san Baba. Suka gaisa, sai na ji Baba yana tambayarsa ko akwai wuri a sama. Na roƙe shi ya koma mota, na rantse zan tafi a hankali.

Ya ce, "Mushe, ka yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma ƙugun nawa guda ɗaya ne."

Muka kama shi ya hau, ya kishingiɗa a kan kara. Zainabu ma ta hau, wai za ta riƙe shi. Sai na rasa yadda zan yi. In wuce surukina in riga shi isa rashin kunya ne, in koma gida kuwa ya fi muni. Haka na sa giya ta ɗaya na bi bayan amalanken nan fiye da awa guda, ina kallon jelar shanu, ƙudaje sun cika motar saboda nono. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kafin mu yi nisa Baba ya yi barci.

Mun isa an daɗe ana jiranmu, don ba a ɗaura aure ba waliyyi. Jama'a sun cika ƙofar gida, an share wuri a gindin gawo an yayyafa ruwa, kamar yadda na aika a yi. Abin da suka gani shi ne dattijonsu a kan karan hatsi da riga ta bushe da fura, ga ni kuma a baya ni kaɗai cikin mota, ina rarrafe. Liman ya matso ya tambaya ko motar ce ta lalace a hanya. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci.

Baba ya ce, "A'a, lafiyarta lau. Ƙarfi ne ya yi mata yawa."

Ya faɗa ne don ya rufa mini asiri, amma da mai amalanke ya ƙara bayani sai dariya ta ɓarke har cikin gida wurin mata. Aka ara wa Baba wata riga da ta tsaya masa a gwiwa, da ita ya karɓi auren. Ni can baya na zauna, ina kallon magidanta suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna danna motar, suna jinjina kai.

Kwana uku Baba ya yi a Gangara ana gasa masa ƙugu, sannan ya dawo a motar kasuwar da na hana shi hawa. Ni kuwa Litinin da sassafe na koma gindin bedi. Malam Habu ya riga ya ji labari (a Tanut labari ya fi motata sauri), sai kawai ya sauke masu kaurin ya ɗaura siraran. Motar ta koma tafiya sumul, na ƙara shekara shida ina morar ta. Baba dai bai sake shigarta ba har Allah ya yi masa rasuwa. Duk lokacin da na tayar da maganar sai ya sa mini albarka, ya ce likita ya ce ya riƙa taka ƙasa.

Tun daga lokacin na gane takardar shaidar da na rataye a ɗakina ta koyar da yara lissafi ce, ba ta gyaran mota ba. In mai baƙin mai a hannu yana magana a kan ƙarfe, shiru nake yi ina cewa to. In kuwa ilimin ya motsa mini har na kasa daurewa, nakan fara gwada shi a kan ƙuguna, ba a kan na surukina ba.