Littafi Wata Bakwai, Takardata Kwana Biyu

"Ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Haka na ce wa shugaban makarantarmu, yana miƙo mini biro. Takardar da ke gabansa ta ce ɗalibaina sun gama babi goma sha biyu na littafin Turanci. Uku muka gama. Littattafan sai da aka yi wata bakwai da buɗe makaranta suka iso, tare da umarnin masu girma, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, wai a "accelerate" karatun yara kafin masu duba makarantu su zo.

Ni kuwa, uwar iyawa mai digirin Turanci, sai na buɗe masa ƙamus. Na ce ana faɗin kalmar ga mota in ta ƙara gudu, ga aiki in an hanzarta shi, har ga farashi in ya kama hawa. Ban ga inda aka ce a tsallake babi tara ba.

Ya ce, "Malama, ƙamus ne zai ƙara miki girma?"

Na kai ƙara wurin maƙwabcinmu bakanike, ina jiran yabo. Ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "'Yata, motar da ke kan jak, ko kin taka totur har ƙasa, ƙara ce kawai da hayaƙi."

Na ce, "To ka gani, Baba!"

Ya ce, "Na gani. Amma in mai motar ƙarar yake so, ke ina ruwanki?"

Mama kuwa cewa ta yi, "Girman kai rawanin tsiya. Sauran malaman da suka sa hannu ba su yi boko ba ne?"

Sun yi, jama'a. Amma a ajina akwai yarinyar da sai yanzu ta fara haɗa jimla ba tare da ta yi kuka ba. In na rubuta cewa ta gama babi goma sha biyu, baɗi babu mai komawa da ita baya.

A yaba wa masu girma dai. Littafi wata bakwai, takardar canja mini wurin aiki kwana biyu. Ashe sun fi ni sanin kalmar nan. Ni ma'anarta kawai na haddace.

An cire sunana daga jerin ƙarin girma. Yanzu a makarantar bayan gari nake, mota biyu da tafiyar ƙafa ta minti arba'in, kullum. Takalmina na biyu ke nan. Takardar da na ƙi sa wa hannu kuma, wani ya sa mata tun ranar, yarinyar tana babi na goma sha uku.