Rasuwar Mai Ƙaho, Kilen Wifin Zayyadu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika fal, Zayyadu Garba na Arlit yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kilensa ta wifi, 'yar na'urar nan da ke kamo wa kwamfuta intanet, wadda aka fi sani da Mai Ƙaho saboda doguwar eriyarta.

Marigayiya ta zo daga Kano a aljihun kawunsa Mansur, direban babbar mota. Ba ta da surutu. In an soka ta a ordinata, wato kwamfuta, sai ta ce "tulum", shi ke nan. Amma daga kan rufi tana jiyo wifin ofishin da ke bayan katanga, wanda maigadi Intala ke ba da lambar sirrinsa a kan kofin shayi. Da ita Zayyadu ke bin darussan lissafi, domin bana zai sake zana jarrabawar BAK ta gama sakandare, babansa kuma ya ce in ya sake faɗuwa sai tuƙin kabu-kabu.

Ciwon ajali ya fara ranar da ordinata ta nemi a sabunta ta. Zayyadu bai saba musu da na gaba ba, ya danna "wi", wato "eh". Ta tashi da sabon noyo, wato zuciyar Linux, manhajar da ke tafiyar da ita, wanda bai san Mai Ƙaho ba. Pilot ɗinta, ɗan shirin da ke mata tafinta, ya tsufa. An hura mata iska, an sauya mata rami, an ɗaga ta a kan gora. Shiru.

Aka garzaya da ita kasuwa wurin Alkassoum mai gyara. Ya ce ai da sauƙi, a koma tsohon noyo. Sai dai Zayyadu ya riga ya share shi don bidiyon bikin yayarsa Zinatu ya samu wuri.

Alkassoum ya ce, "To akwai gyararren pilot a intanet, sauko da shi."

"Da me?"

"Allah ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa."

Ta rasu ta bar ordinata kurma, da darasi a tsakiya, da Intala wanda har yau bai fasa zuwa shan shayi ba.

Za a yi mata sutura da tsohuwar safa, a kai ta makwancinta ƙarƙashin katifa bayan la'asar. Zaman makoki a zaure. Ba a buƙatar goro ko dabino. Wanda ke da salula mai intanet da igiyarta, ya zo da su aro, ko a samu a sauko da pilot ɗin. Masu aiko ta'aziyya daga nesa kuma, an gode, amma ba za ta iso ba.