Kokawar Zaune a Gaban Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da Asabar ɗin da Kawu Mamman ya baro Jugu da sassafe don ya kalli kokawata a Paraku.

Bari in fara gaya muku ko wane ne Kawu. Yayan mahaifiyata ne, mai sayar da goro kamar kakanninmu, amma a ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne wanda har yau tsofaffin garin Kolokonde suke ba da labarinsa. Ni kuwa ni ne wanda yake ɓuya bayan huhunan goro da littafi idan aka fara kokawa a ƙofar gida. Na-Takarda yake kirana. A rumfarsa ta kasuwa yana yi wa abokansa fahariya da kowa a zuri'armu: wane ya ɗaga buhu biyu a ka, wane ya kayar da ƙato a bikin kaka. Idan aka zo kaina sai ya ce, "Shi kuma wannan yana da kyan rubutu," ya ci gaba da tsintar goro. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma babban burina shi ne wata rana ya ba da labarina a rumfar nan da irin muryar da yake ba da na sauran.

Da na shiga jami'a a Paraku, abokin ɗakina ya ja ni wani wurin horo da ke bayan kasuwar Arzeke, inda ake koyar da kokawar zamani. A wannan kokawar kayarwa ba ta ƙare wasa. Sai ka kama hannu ko wuya ko ƙafar mutum ka matse, har ya bubbuga ƙasa ko ya yi ƙara, alamar ya sallama. Na je don in riƙe masa jaka, na dawo na kamu. Abin da ya kama ni shi ne makullin ƙafa: ka naɗe cinyar mutum da ƙafafunka, ka riƙe tafin ƙafarsa da hannu biyu, ka murɗa a hankali. Ba ya buƙatar ƙirji ko damtse. Lissafi ne kawai, ni kuma lissafi gidana ne.

Na sayi kaye mai kauri, wato littafin rubutu, na fara zane. Duk abin da na gani a bidiyo sai na zana shi mataki-mataki, da lamba da kibiyoyi. Ƙafafuna da jan biro, na abokin karawa da shuɗi. (Ku riƙe wannan, don Allah.) Mai koyar da mu, wanda muke kira Metir, ya taɓa buɗe kayen ya jima yana kallo, sannan ya ce, "Ka rage zane, ka ƙara gumi." Na rubuta maganar tasa a shafin farko, na ja mata layi da rula.

Da aka shirya ƙaramar gasa tsakanin wuraren horo na garin, na sa sunana. Kuskurena shi ne na gaya wa Inna a waya. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa.

Ranar gasar ina ɗumama jiki sai ga zemijan, wato ɗan acaɓa, ya tsaya a ƙofa, Kawu ya sauko da babbar riga da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya dubi katifun da aka shimfiɗa, ya taka su da ƙafa.

"Na-Takarda, ina yashin?"

"Kawu, a kan wannan ake yi."

"Ina makaɗa?"

"Babu, Kawu."

"To, Allah Ya kyauta. Kawo tabaran nan kar a fasa maka."

Na cire na miƙa masa. Ku sani, idan babu tabarau, duk abin da ya wuce tsawon hannuna hazo ne a wurina.

Abokin karawata wani ɗan Paraku ne mai suna Biyo, gajere kakkaura, mai fara'a. Mu biyu duka da baƙin wando har idon sawu. Alƙalin wasa ya sa muka gaisa, ya ba da izini. Ni kuma, bisa tsarin da na yi wata uku ina bita, nan take na zauna daɓas a ƙasa, don daga zaune ake shiga ƙafafu.

Na manta ban yi wa Kawu bayani ba. A kokawarsu, da zarar gwiwarka ko mazauninka ya taɓa ƙasa, an gama da kai.

"Innalillahi!" Muryarsa ta cika ɗakin. "Ko taɓa shi ba a yi ba! Tashi, ɗan ƙanwata, tashi! Wa ya ture ka?"

Mutane suka fara dariya. Ni kuwa na ce wa kaina yanzu zai ga aikin ilimi. Biyo ya matso, na zura ƙafa tsakanin nasa, na naɗe cinyarsa, ya faɗo. Wallahi har nan komai ya tafi daidai da zane. Na ji Kawu ya ce, "Af! Ashe dabara ce!" Zuciyata ta yi fari tas.

Sai dai Biyo bai karanta kayena ba. Maimakon ya juya hagu kamar yadda mutumin shuɗin biro yake yi kullum, sai ya juya dama, ya naɗe tawa cinyar shi ma, ya matse ta kamar ana ɗaure kayan jaki. Muka mirgina sau biyu. Da muka tsaya, ƙafafu huɗu sun cakuɗe wuri ɗaya, ƙafata ta hagu ta sage, ban ma san inda take ba.

Can cikin hazo sai na ga tafin ƙafa a gabana, a sake, babu mai tsaronsa. Na yi Bismillah a zuci. Hannun dama a kan yatsu, hannun hagu ya zagaya ta ƙarƙashin idon sawu ya kama wuyan hannun dama, gwiwar hannu a manne da jiki. Ban taɓa yin riƙo mai kyau irin wannan ba. Na fara murɗawa.

Sai na ji zafi a ƙafata.

Ban firgita ba, domin na san wannan babin. Idan mutum biyu suka kama ƙafar juna lokaci ɗaya, tsere ne, wanda ya riga matsewa shi ya ci. Na ƙara ƙarfi. Zafin ya ƙaru. Na ce a raina, lallai Biyon nan gwani ne, duk abin da na yi sai ya rama daidai wa daida, ko daƙiƙa ba ya bari. Na ji Metir yana ihu daga gefe, "Saki! Saki!" Na ɗauka da Biyo yake. Na tuna rumfar goro, na cije leɓe, na rufe ido, na murɗa da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni.

Wani abu ya yi ƙas a idon sawuna. Na ƙwalla ƙara, "Wayyo! Na sallama!"

Alƙalin wasa ya tsayar da mu. Na buɗe ido, na matso da fuska don in gani da kyau. Biyo yana zaune ya dogara da hannuwansa biyu a bayansa, yana kallona baki buɗe. Hannuwansa biyu, jama'a, a ƙasa. Na sunkuya na dubi ƙafar da nake rungume da ita. Ga tabon da salansar babur ta yi mini tun ina aji uku.

(Ƙafafun mutane, kamar yadda na gano a ranar, ba sa zuwa da ja da shuɗi.)

Biyo ya dubi alƙali ya ce, "Moi, je n'ai rien fait," wato shi dai bai yi komai ba. Daga nan ɗakin ya fashe da dariya. Wani ya faɗo daga benci. Metir ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Alƙalai uku suka haɗa kai a teburi suna shawarar yadda za su rubuta sakamakon, domin takardarsu tana da gurbin wanda ya kama da gurbin wanda aka kama, kuma sunana ne ya dace da duka biyun. A ƙarshe aka ɗaga hannun Biyo, shi kuma ya rungume ni yana ba ni haƙuri, ban san na mene ne ba.

Na ɗingisa zuwa gefe ina addu'ar ƙasa ta tsage. Kawu bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa, ya ɗora ƙafar a cinyarsa yana lallatsawa da babban yatsa.

"Ba karaya ba ce, targaɗe ne. Man kaɗanya da kwana bakwai." Ya maƙala mini tabarau a fuska da kansa. "Wa ya koya maka riƙon nan?"

"A littafi na koya, Kawu."

"Hm. Riƙo ne na gaske. Saura ka koyi mai ƙafar."

A motar da ta kai mu Jugu ya sa aka ba ni gaba don in miƙe ƙafa, shi ya matsu a baya tsakanin buhunan doya. Na tabbata na rufe wa kaina ƙofar rumfar nan har abada.

Bayan kwana uku Inna ta aike ni kasuwa da saƙo. Ina dogara sanda, tun daga layin masu gishiri na jiyo muryarsa, irin muryar nan da na yi shekaru ina jira.

"Ku tsaya ku ji! Duk faɗin Paraku an rasa wanda zai sa ɗan ƙanwata ya sallama. Aka kawo wani ƙato, ya yi iya yinsa, ya zauna yana kallo. Da yaron nan ya ga babu sa'ansa a wurin, sai ya kama kansa da kansa. Kuma wallahi ya ci!"

Rumfa ta kaure da dariya. Da ya hango ni sai ya daki benci kusa da shi. "Ga shi nan! Zo zauna, zauna. Ai zaman shi ne kokawarku." Ya ɓare farin goro ya ba ni rabi a gaban kowa.

Ba irin labarin da na yi mafarki ba ne, amma ya fi na mai buhu biyu tsawo, kuma kullum ƙaton sai ƙara girma yake yi.

Har yanzu ina zuwa horo, kuma Biyo ya zama abokina. Abin da na koya kuwa ba ya cikin kowane bidiyo: kafin ka murɗe ƙafa, ka ɗan mintsine ta tukuna. Idan kai ne ka ce wash, ka sake ta, ka nemi wata.